Bayan rasuwar Theo: me ya rage daga gidan Huxtable?

Ranar 20 ga Yulin 2025 igiyar ruwa ta ja Malcolm-Jamal Warner a gaɓar tekun Kosta Rika, inda ya je hutu da iyalinsa, ya rasu yana da shekara 54. Duniya ta fi saninsa da Theo, ɗa namiji tilo a shirin The Cosby Show. Ana cikin ta'aziyya sai tsohuwar gardama ta taso: shin ya dace mutum ya yi kewar wannan shiri, alhali mata kusan 60 sun fito sun ce mutumin da shirin ke ɗauke da sunansa ya ci zarafinsu? Wasu suka ce ai kotu ta wanke Bill Cosby, maganar ta ƙare. Wasu suka ce a binne shirin da duk wanda ya fito a cikinsa. Maganganun biyu duk akwai gyara a cikinsu, kuma ba a gane gyaran sai an koma farkon labarin.

Wane irin shiri ne?

Turawa suna kiran irin wannan wasa sitkom. Wasan ban dariya ne na rabin awa, mutanen cikinsa ba sa canjawa, wurin ma kusan kullum ɗaya ne: falo, kicin, matakalar bene. Kowane mako wata 'yar matsala takan taso a gidan, a warware ta kafin lokaci ya cika. Galibi a gaban 'yan kallo ake ɗaukarsa, shi ya sa ake jin dariyarsu a ciki. Wanda ya san Gidan Badamasi na tashar Arewa24 ya san dangin abin da ake nufi.

The Cosby Show ya fara fita a tashar NBC ranar 20 ga Satumban 1984, ya yi zango takwas, kashi kimanin 200, ya rufe ranar 30 ga Afrilun 1992. Furodusoshinsa Marcy Carsey da Tom Werner sun fara kai shi tashar ABC, ta ce ba ta so, domin a lokacin masu harkar talabijin sun ɗauka kasuwar sitkom ta mutu. NBC, wadda ke bin bayan manyan tashoshin Amurka, ta karɓa ta sa shi ƙarfe takwas na daren Alhamis. Daga zango na biyu ya hau matsayi na ɗaya a yawan masu kallo, ya zauna a wurin shekara biyar a jere, abin da shiri ɗaya ne kacal, All in the Family, ya taɓa yi kafin shi. A zangon 1986 zuwa 1987, gida ɗaya cikin uku na masu talabijin a Amurka shi yake kallo. Ya ja tashar gaba ɗaya ta zama ta farko.

Labarin kuwa ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Cliff Huxtable, wanda Cosby ya fito a matsayinsa, likitan haihuwa ne, ofishinsa a ƙasan gidansa yake a unguwar Brooklyn Heights ta birnin New York. Matarsa Clair lauya ce. 'Ya'yansu biyar: Sondra, Denise, Theo, Vanessa da auta Rudy. A kashi na farko huɗu aka ce suna da su. Daga baya aka ƙaro Sondra a matsayin babbar 'ya da ke karatu a jami'ar Princeton, don a nuna inda tarbiyyar gidan take kai yaro. Hakan ya sa gidan ya dace da na Cosby kansa, mai 'ya'ya mata huɗu da namiji ɗaya.

Me ya sa baƙar fata suka riƙe shi da hannu biyu?

Sai an san abin da ake nuna musu kafin shi. A farkon shekarun 1950 akwai Amos 'n' Andy, wanda ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta yi ta yaƙa da shi saboda yana nuna su a matsayin wawaye da 'yan damfara. A shekarun 1970 abubuwa sun yi sauƙi, amma har yanzu baƙin mutum a akwatin talabijin ko dai mai sayar da tsofaffin ƙarafa ne, ko talaka a gidajen gwamnati na Chicago, ko yaro maraya da wani attajiri farar fata ya ɗauka riƙo. A shirin Good Times, John Amos da Esther Rolle, waɗanda suka fito a uba da uwa, sun fito fili sun koka da yadda marubuta suka mayar da babban ɗan gidan abin dariya kawai. Amos ya rasa aikinsa a kan wannan jayayya.

Cosby ya zo da suna tun kafin nan. A 1965 ya fito a shirin I Spy kafaɗa da kafaɗa da farar fata, ya ci kyautar Emmy, babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka, sau uku a jere. Da farko ma direba ya so Cliff ya zama. Furodusoshin ne, da goyon bayan matarsa Camille, suka dage a kan likita da lauya. Sannan ya ɗauko Dakta Alvin Poussaint, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Harvard, yana duba kowane rubutu kafin a ɗauka, yana cire duk raha da za ta ƙasƙantar da wani. Ba a zagi a gidan, yara ba sa mayar wa iyaye baƙar magana su ci bulus, kuma ba a mayar da launin fata abin dariya.

Baƙar fatar gidan ba a baki ake faɗarta ba, a jikin bango take. Zanen masu fasaha baƙaƙe ne a falo. Cliff yana sa rigunan jami'o'in da baƙar fata suka kafa. Kakanni suna zuwa su ba da labarin gwagwarmaya. Manyan mawaƙa irin su Stevie Wonder, Lena Horne, Dizzy Gillespie da B.B. King sun shigo gidan, haka ma Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu. A ɗakin Theo akwai takarda mai kira da a rushe wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Tashar ta nemi a cire ta, Cosby ya ce sai dai a tsayar da shirin. Da Sondra ta haifi tagwaye, aka raɗa musu Winnie da Nelson, a lokacin Mandela yana tsare.

Cikin falon

Na fara kallonsa ne a falon wani maƙwabcinmu, muna zaune a ƙasa, Turancinmu bai taka kara ya karya ba. Amma akwai abin da ba ya bukatar fassara.

A kashi na farko, Theo ya kawo sakamakon jarrabawa marar kyau. Ya ce wa mahaifinsa shi ba ya bukatar jami'a, rayuwar talakan gari zai yi, ya samu ɗan aiki ya zauna lafiya. Cliff ya ɗauko kuɗin wasan Monopoly ya ƙirga masa dala 1,200, ya ce ga albashinka na wata. Sai ya fara zarewa: wannan na haraji, wannan na haya, wannan na abin hawa, wannan na ci da sutura. Theo yana ta ciniki yana rage buri, har ya rage 'yan takardu a hannunsa, yana murna ya tsira da wani abu. Uban ya tambaye shi ko yana da niyyar yin budurwa. Ya ce ƙwarai. Uban ya zare sauran. Daga nan yaron ya yi wani jawabi mai taɓa zuciya, cewa ya kamata uba ya so ɗansa yadda yake, har 'yan kallo suka tafa masa. Cliff ya bari tafin ya lafa, sannan ya gaya masa bai taɓa jin shirme irin wannan ba, kuma zai yi karatu domin shi ya ce ya yi. Bayan nan ya rungume shi. Duk wanda ya tashi a hannun uba mai faɗa da kuma tausayi ya gane wannan wurin.

Akwai kuma rigar nan. Theo ya sayo riga ta dala 95 don ya burge yarinya, uban ya ce a mayar. Denise ta ce ta iya ɗinki, za ta yi masa irinta sak a kan kuɗi kaɗan. Ranar da ya sa ta, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan ya karkace, yaron ya tsaya a tsakiyar ɗaki kamar zai yi kuka. Wanda tela ya taɓa ɓata wa kayan salla a daren jajibiri ba sai an yi masa bayani ba. Warner bai fi shekara 14 ba a lokacin, amma dubi yadda ya riƙe fuskarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne a 1989. Bayan shekaru ana yi wa Theo kallon malalaci, aka gano yana da disleksiya, wato matsalar da ke sa haruffa da kalmomi su riƙa rikice wa mai karatu duk da kaifin basirarsa. Iyayen suka gane sun daɗe suna yi masa faɗa a kan abin da ba laifinsa ba. Daga rayuwar Ennis, ɗan Cosby na gaskiya, aka ɗauko wannan. Ennis ɗin ne aka harbe a gefen titi a Los Angeles a Janairun 1997, ya tsaya canja taya. Sau nawa a ajujuwanmu aka kira yaro daƙiƙi, aka yi ta dukansa, alhali irin wannan ce ke damunsa?

Masu suka tun ana ganiyarsa

Ba kowa ne ya yi na'am ba. A zamanin Shugaba Ronald Reagan ne, lokacin da hodar iblis ke cin unguwannin baƙar fata, ga rashin aiki, ɗauri kuma yana ƙaruwa. Masu suka suka ce gidan likita da lauya ba shi ne gidan yawancin baƙaƙen Amurka ba, kuma shirin yana kauce wa maganar wariya. Malamai biyu na jami'ar Massachusetts, Sut Jhally da Justin Lewis, sun zauna da masu kallo farare da baƙaƙe, suka fitar da sakamako a 1992. Sun samu cewa fararen fata da yawa suna son iyalin Huxtable da gaske, amma darasin da suka ɗauka shi ne: tunda waɗannan sun yi nasara, to wariya ta ƙare, wanda ya zauna a talauci laifinsa ne. Cosby da matarsa na cikin waɗanda suka ba da kuɗin binciken.

Magoya baya suka amsa da cewa likitoci da lauyoyi baƙaƙe suna nan tun da daɗewa, ba a dai nuna su ne, kuma ba a taɓa ɗora wa wasan farar fata nauyin wakiltar kowane Bature ba. A ganina kowane ɓangare ya faɗi gaskiya. Ranar da aka rufe shirin ta nuna hakan ƙarara. Kwana ɗaya kafin nan, 29 ga Afrilun 1992, kotu ta sallami 'yan sandan da aka ɗauka a bidiyo suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King, Los Angeles ta kama da wuta. A daren da Theo ke karɓar digirinsa na jami'ar New York a talabijin, a wancan gefen ƙasar unguwanni ne ke ƙonewa.

Saki daban, wankewa daban

Nan ne aka fi samun ruɗani. A 2005 Andrea Constand, ma'aikaciya a sashen ƙwallon kwando na mata a jami'ar Temple, ta kai ƙara cewa a Janairun 2004 Cosby ya ba ta wasu ƙwayoyi a gidansa da ke wajen Filadelfiya, jikinta ya mutu, ya ci zarafinta. Mai gabatar da ƙara na gundumar, Bruce Castor, ya ce hujja ba ta isa ba, ya sanar cewa ba zai gurfanar da shi ba. Sai ta shigar da ƙarar neman diyya. A dokar Amurka mutum na da haƙƙin yin shiru idan maganarsa za ta iya kai shi gidan yari. Tunda an ce ba za a tuhume shi ba, Cosby ya rasa wannan mafaka, dole ya amsa tambayoyi bisa rantsuwa. A nan ne ya amsa cewa ya taɓa samo ƙwayar sa maye ta Quaalude da nufin bai wa matan da yake son kwanciya da su. A 2006 aka sasanta a kan dala miliyan 3.38, aka rufe takardun.

Maganar ta kwanta har Oktoban 2014, lokacin da wani ɗan barkwanci, Hannibal Buress, ya tayar da ita a dandali, bidiyon ya zagaye intanet. Mata suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, labarinsu kusan iri ɗaya, wasu tun daga shekarun 1960. A Yulin 2015 mujallar New York ta buga hoton 35 daga cikinsu a bangonta, da kujera guda babu kowa a kai, ta waɗanda ba su iya fitowa ba. A watan ne kuma alƙali Eduardo Robreno ya buɗe wani ɓangare na takardun 2005. Dalilin da ya bayar abin lura ne. Cosby ya shafe shekaru yana zagaye ƙasa yana yi wa talakawan baƙar fata wa'azi a kan tarbiyya, musamman jawabinsa na 2004 a taron NAACP. Alƙalin ya ce wanda ya naɗa kansa mai gyaran tarbiyyar jama'a ya rage wa kansa haƙƙin ɓoye sirri.

An tuhume shi a ƙarshen Disambar 2015, gab da cikar wa'adin shekara 12 da doka ta ba da. Yawancin sauran matan wa'adinsu ya riga ya wuce, shi ya sa ƙarar laifi ɗaya ce tak ta kai gaban kotu. Zaman farko a 2017 ya watse saboda masu taya alƙali yanke hukunci sun kasa haɗa baki. A Afrilun 2018 aka same shi da laifi uku, a Satumba aka yanke masa ɗaurin shekara 3 zuwa 10. Ranar 30 ga Yunin 2021 kotun ƙolin jihar Pennsylvania ta soke hukuncin, ya fito bayan kusan shekara uku.

Kotun ba ta ce matar ƙarya take yi ba, ba ta kuma ce bai aikata ba. Abin da ta ce shi ne hukuma ta yi masa alkawari, ya dogara da alkawarin ya yi magana, sannan wani sabon mai gabatar da ƙara ya ɗauki maganar ya ɗaure shi da ita, kuma wannan ya saɓa wa adalcin shari'a. Laifin hukuma aka hukunta. Shekara guda bayan haka, a Yunin 2022, wata kotu a California ta same shi da alhakin cin zarafin wata mata a 1975 tana da shekara 16, ta ce ya biya ta dala 500,000. Shi dai har yau yana musanta duk zarge-zargen, yana cewa duk abin da ya faru da yardar juna ne.

Wa ya biya kuɗin sabulu?

A Amurka ɗan wasa ba ya gama cin moriyar shiri ranar da aka gama ɗauka. Duk sanda wata tasha ta maimaita shi, akwai kason da ke shigo masa. A ƙarshen shekarun 1980 an sayar da haƙƙin maimaita The Cosby Show a kan sama da dala miliyan 500, cinikin da ba a taɓa yin irinsa ba a lokacin. Da zarge-zargen suka yi ƙarfi, tashar TV Land ta cire shi a Nuwamban 2014, wasu suka bi sahu. Cosby attajiri ne tun tuni. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne ƙananan 'yan wasa.

A 2018 wata mai sayayya ta ɗauki hoton Geoffrey Owens, wanda ya fito a Elvin mijin Sondra, yana aikin kanti a wani shagon Trader Joe's a New Jersey. Jaridu suka buga kamar abin kunya. Mutumin nan ya yi karatu a jami'ar Yale, ya koyar da wasan kwaikwayo, kuma ya ce tsayawar kuɗin maimaici na cikin abin da ya kai shi neman aikin. Ya fito talabijin sanye da bajon shagon ya ce babu sana'ar da ta fi wata daraja. Furodusa Tyler Perry ya ba shi aiki. Mawaƙiya Nicki Minaj ta aiko masa da dala 25,000, ya miƙa su ga asusun taimakon 'yan wasa da sunan Earle Hyman, wanda ya fito a kakan gidan, ya rasu a 2017.

Sauran kowa da inda ya tsaya. Keshia Knight Pulliam, wato Rudy, wadda aka sa sunanta a takarar Emmy tana da shekara shida, ita ta rako Cosby kotu a ranar farko a 2017. Lisa Bonet, wato Denise, wadda suka daɗe ba sa ga maciji da shi, ta ce tun da can ta ji wani duhu tattare da shi. Phylicia Rashad, wato Clair, baƙar mace ta farko da ta ci kyautar Tony ta babbar jaruma a wasan dandali a 2004, ta yi murna a Twitter ranar da aka sake shi. Ɗalibai a jami'ar Howard, inda aka naɗa ta shugabar tsangayar fasaha, suka nuna ɓacin ransu, ta rubuta wasiƙar ba da haƙuri.

Za a iya raba Cliff da Bill?

Da sauƙi a ce wannan ɗan wasa ne, wancan kuma rawar da ya taka. Amma Cosby da kansa ya ɗinke su wuri ɗaya. Sunansa ne a kan shirin, 'ya'yansa ne aka kwaikwaya, Amurkawa suka riƙa kiransa uban ƙasa, shi kuma ya karɓi sunan ya yi wa'azi da shi. Matan da suka yi magana sun sha faɗin cewa abin da ya rufe musu baki shekaru shi ne sanin ba wanda zai yarda da su a kan Dakta Huxtable. Wasunsu ma ta hanyar alkawarin taimako a harkar wasan ya jawo su. Saboda haka ban yarda da mai cewa shirin ba ruwansa ba. Kwarjinin da ya samu a falon nan ya zame masa garkuwa. Mu ma mun san irin wannan, inda ake ce wa yarinya ta yi shiru domin wanda take zargi babban mutum ne da kowa ke ganin girmansa.

Ban kuma yarda da mai cewa a shafe shi ba. Gidan nan hannu da yawa suka gina shi: marubuta, daraktoci, da yara biyar da suka girma a gaban kyamara. Daga cikinsa aka fitar da A Different World a 1987, wanda Debbie Allen, ƙanwar Rashad, ta karɓi ragamarsa daga zango na biyu ta mayar da shi madubin rayuwar jami'o'in baƙar fata. Ya buɗe ƙofa ga wasannin iyalan baƙaƙe da suka biyo baya. Yaran da suka ga Clair suka ƙudurta zama lauya ba yaudararsu aka yi ba.

Warner ya fi kowa iya riƙe abin biyu. A 2015 ya amsa cewa sunan shirin ya ɓaci, ya ce abin da ya fi damunsa shi ne a da duk sanda aka nuna baƙar fata a wulaƙance akwai wannan shirin da za a ɗaga a ce ga wani hoton, yanzu kuwa an rasa shi. Bai taɓa cewa matan ƙarya suke yi ba, bai kuma daina alfahari da aikinsa ba. Sunan Malcolm X da na makaɗin fiyano Ahmad Jamal aka haɗa aka sa masa. Ya ci gaba da wasa da ba da umarni, yana kaɗa jita yana rubuta waƙe, har ya ci kyautar Grammy a 2015. Ya bar mata da 'ya ɗaya, waɗanda ya ɓoye sunayensu daga jaridu duk tsawon rayuwarsa. A bikin Emmy na Satumban 2025, da aka zo tunawa da waɗanda suka rasu a shekarar, Phylicia Rashad ce ta hau dandali ta buɗe da sunan yaron da ya yi shekara takwas yana kiranta mama.